Kafin Ka Karɓi Limancin Gidan Marke

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Malam Ƙarami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Bilkisu da 'yar jaririyarku. Allah ya tsare ku a hanya, ya tsare ku a masauki, ya sa ku sauka a kan sa'a.

Za ka yi mamaki, katanga ce kawai tsakanin gidana da naka, amma ga takarda. Ka san halina. Ina iya hawa mumbari in yi wa jama'a magana har su fara gyara zama, amma in zaunar da ɗan fari in dubi idonsa in faɗa masa abin da ke raina, wannan Allah bai hore mini ba. Mahaifina ma haka ya yi da ni, sai dai shi ko takardar ban samu ba.

Mutanen Gidan Marke da za ka je ka yi wa limanci, a hannuna suka zauna lokacin da 'yan bindiga suka tashe su daga garinsu. Kai a lokacin kana kwalejin Bici, hutu kawai kake zuwa ka koya wa yaransu karatu a zaure. Ka ga ana yabon mahaifinka, ba ka ga inda ya yi tuntuɓe ba. To wuraren tuntuɓen nake so in nuna maka, don hanyar da na bi ita za ka bi.

Ranar da suka iso, bayan la'asar ne, ana tsakiyar yankan gero. Muna zaune a ƙofar masallaci muka hango ayari daga yamma. Amalanken shanu, mata da ƙullin kaya a ka, yara na jan awaki, wani dattijo ma kaza ce kaɗai a hammatarsa. An shiga garinsu da hantsi, an kora shanu, an kwashe mutane daga gona, an kuma ce za a dawo. A kan amalanken gaba akwai wani tsoho siriri, idanunsa sun yi yana, rungume da gafakar Alƙur'ani. Shi ne limaminsu, Malam Bawa.

Dagaci ya sa aka buɗe azuzuwan firamare, ya ce sauran a raba su gida-gida. Ni kuwa na miƙe gaban jama'a na ce, "Gidana gidanku ne." Na sa mata da yara a gaba iya waɗanda idona ya kai, muka nufi gida. Ban aika kowa ya gaya wa Innarku ba. Tana tankaɗe a tsakar gida ta ɗago kai ta ga baƙi har bakin rijiya. Ta dube ni sau ɗaya, ta ce musu, "Sannunku da zuwa," ta je ta sauko da babbar tukunyar nan da ba a ɗorawa sai da salla.

Ta bar musu ɗakinta ta koma madafi da kwana. Surfe nata, jan ruwa nata, rabon tuwo nata, kukan yaran da suka firgita ma ita ke rarrashi. Ni kuma ina ƙofar masallaci ana ce mini, "Liman, Allah ya saka." Ina amsa amin da baki har kunne.

Wata rana bayan azahar na zagaya bayan rumbu na same ta zaune ita kaɗai, ta buɗe tafin hannuwanta a kan gwiwa. Duk sun yi bororo, wasu sun fashe.

Na ce, "Subhanallahi, me ya same ki?"

Ta ce, "Ba komai, Malam. Ladan da kake samu ne ya fito mini a hannu."

Sai ta ce, "Da ka shigo ka ce mini ga abin da ya taso, wallahi ni ce zan ce ka ƙaro wasu. Amma ka yi kyauta da ni yadda ake kyauta da damin dawa."

A ranar na shiga na yi wa matan magana. Ashe su ma a takure suke, suna jin nauyin taɓa taɓaryar matar liman ba a ce musu ba. Kafin magariba turmi biyu na aiki, ana hira, har na jiyo dariyar Innarku.

Malam Ƙarami, duk alherin da liman ya yi da baki a ƙofar masallaci, a cikin gida ake dafa shi. Za a kawo maka baƙo, za a kawo maka matar da ta yi yaji, za a kawo maka maraya. Kafin ka ce "to", ka shiga ka tambayi Bilkisu. Ba zai rage maka girma ba. Kuma ka riƙa duban hannunta, don irin waɗannan mata ba sa faɗa.

Malam Bawa a zaurena ya sauka. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma tun hirar farko na gane ya fi ni karatu. Duk da haka ban taɓa ce masa ya shiga gaba ya ja mu salla ba. Na ce wa kaina ai ba ya gani sosai. Gaskiyar magana, ba na so mutanena su ji karatunsa su dawo su ji nawa.

Mutanensa sakin hannu suke yi a salla, mu kuma ka san kamawa muke yi. Samarin garinmu suka fara ƙunƙuni, wai baƙi sun zo sun ɓata sahu. Maimakon in kashe maganar tun tana ƙarama, sai na ɗauke ta na hau mumbari da ita ran Juma'a. Na kawo hujja a kan hujja, na sauko ina jin na yi aiki. Washegari sahu ya ragu. Da azahar na hango su can ƙarƙashin ɗorawar bayan makaranta, sun shimfiɗa buhuna suna sallarsu su kaɗai.

Shi Malam Bawa bai bi su ba. Kullum a bayana yake, a sahun farko, hannuwansa a sake. Sai wata rana muna shan fura a zaure ya ajiye ludayi ya ce, "Liman, in yi magana?"

Na ce, "Bismilla, Malam."

Ya ce, "Hujjojinka na ji su, ban kuma ce ka yi ƙarya ba. Mu ma muna da namu, a wajen malamanmu muka karɓa. Amma mutanen nan sun bar gero a tsaye a gona. Sun bar rumbuna, sun bar kaburburan iyayensu. Abu ɗaya da suka samu suka fito da shi bai fashe a hanya ba, shi ne yadda iyayensu suka koya musu tsayuwa gaban Ubangiji. Shi ma karɓewa za ka yi?"

Da aka yi kiran magariba na kama hannunsa muka shiga masallaci, na wuce da shi har gaba. Ya turje, na ƙi sakinsa. Muryarsa siririya ce, tana rawa, amma ban taɓa jin masallacinmu ya yi shiru irin na ranar ba. Ban yi sanarwa ba, ban aika wa kowa ba. Kafin mako ya zagayo, na ƙarƙashin ɗorawa sun naɗe buhunansu sun dawo.

Za ka je musu da karatun zaure da na kwaleji, ga jinin ƙuruciya. Za ka ga abubuwan da kake ganin suna son gyara. Kada ka fara da gyara. Ka fara da jana'iza, da raɗin suna, da duba marar lafiya, da zama a inuwa ka ji sunayen gonakinsu. Mutumin da gidansa ya ƙone ba a ce masa hularsa ta karkace. In sun ga ka ci tuwonsu ka binne matattunsu, su da kansu za su zo da tambaya. Kuma ka nemi gona ko 'yar ƙarama ce. Limamin da ba ya sunkuyawa a kunyar gona, manoma ba sa jin maganarsa a kan haƙuri.

Da rani ya tsaya, abin ya matso kusa da mu. Aka shiga wani ƙauye da in iska ta juyo muna jin kiran sallarsu. Waya ta zama annoba, kowa da abin da aka turo masa, wannan ya ce an gan su a rafi, wancan ya ce suna bayan dutse. Mutane suka fara loda hatsi suna kaiwa kasuwar Dawanau, ba don lokacin sayarwa ya yi ba, don kawai kada a ƙona shi a rumbu. Dagaci ya roƙe ni in kwantar wa jama'a da hankali. Na hau mumbari na yi huɗuba a kan tawakkali. Na ce babu mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare. Har na ƙara da cewa wanda ya kwashe iyalinsa ya bar maƙwabcinsa, ya tanadi abin da zai faɗa gobe ƙiyama.

A cikin makon nan kuma na sa ƙannenka, Rabi da Asma'u, a motar kasuwa da sassafe, zuwa wajen gwaggonku a Rijiyar Zaki. Na ce wa Innarku kada ta faɗa wa kowa, kamar a ƙauye ana iya ɓoye 'yan mata biyu da akwati.

Sale mai faci, wanda rumfarsa ke bakin titi, shi ya tare ni ina wucewa. Ya ajiye tayar da ke hannunsa, ya ɗan rusuna.

"Allah gafarta Malam, tambaya gare ni."

Na ce, "Ina jin ka, Sale."

Ya ce, "Tawakkalin nan da ka raba mana ran Juma'a, an ce bai kai gidanka ba. Ƙarewa ya yi?"

Akwai mutane zaune a bencinsa, babu wanda ya yi dariya. Shi ma ba da wasa ya faɗa ba, idonsa ya kaɗa. Ya ce, "Ni ma 'ya'ya mata gare ni, Malam. Uwarsu ta ce mu kai su Bici wajen wanta, na ce mata Liman ya hana."

Na ce, "Ka kai su yau, Sale."

Juma'ar da ta biyo na faɗa wa jama'a da bakina cewa na fitar da 'ya'yana ne don ina jin tsoro, kuma duk mai inda zai kai mata da yara ya kai su, wannan ba raunin imani ba ne. Allah ya rufa asiri, ba a shigo garinmu ba. Amma har yau in na wuce rumfar Sale na ga 'yarsa ta kawo masa abinci, sai in tuna kwanakin nan da ta kwana a garin saboda maganata.

Na san Gidan Marke ya lafa. An yi noma bara, akwai jami'an tsaro a mararraba, motar kasuwa na shiga. Allah ya ɗorar. Amma in abin ya dawo, ka saurare ni da kyau. Kada ka tsayar da 'ya'yan mutane a inda ba za ka bar taka ba. Ka fitar da Bilkisu da rana tsaka kowa na gani, kuma motar da za ta ɗauke ta ta ɗauki matan wasu. Kai ka tsaya ka ga an fitar da tsofaffi da marasa ƙafa, sannan ka biyo su. Kada ka zauna don a ce ɗan Liman jarumi ne, ni ban aike ka neman wannan suna ba. Masallaci ƙasa ce da kwano, za a sake gina shi. Samari za su zo su ce ka ba su abin da harsashi ba zai kama su ba. Ka gaya musu ba ka da shi, ubanka ma ba shi da shi. Kuma in tsoro ya sa suka fara nuna wani da yatsa saboda yarensa ko saboda yana kiwo, ka tsaya kusa da mutumin har hankali ya dawo.

Yanzu ga wadda ta fi tsaya mini a rai.

Cikin matan da suka sauka a gidanmu akwai Zuwaira. Ka san ta, ita ce mai yi wa Innarku kitso, mai ƙananan yara biyu. Mijinta Idi yana cikin waɗanda aka kwashe daga gona ranar farko. Sannu a hankali wasu suka dawo, amma shi shiru. Lambar da 'yan bindigar suka taɓa kira da ita ma ta daina shiga. Duk wanda aka ce ya fito daga daji, Zuwaira za ta saɓa goyo ta je ta tambaye shi. In ta dawo sai ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Malam, ko an ji wani abu?" In ce ba a ji ba. Kullum haka.

Wata rana wan mijinta, Ɗanlami, ya shigo zaure da wani mutum da ya kuɓuto. Mutumin ya rame, ba ya haɗa ido da kowa. Ya ce, "Idi ya rasu. Ranar da muka yi yunƙurin gudu aka harbe shi."

Ɗanlami ya fashe da kuka. Ya ce, "Malam, kai za ka gaya mata, ni ba zan iya ba. Ta shiga takaba ta huta da jiran nan."

Ban ƙara tambayar komai ba. Tausayinta nake ji, amma ba zan ɓoye maka ba, na kuma gaji da amsa tambayarta. Na shiga gida, Innarku ta riƙe ta, na yi salati na gaya mata. Aka zauna zaman makoki, aka yi sadaka, ta shiga takaba. Abin mamaki, bayan kukan kwanakin farko sai ta samu natsuwa. Ta fara cin abinci, ta fara barci, har ta ɗan yi kumari.

A lokacin Malam Bawa yana kwance a asibiti a Bici. Da aka sallamo shi na ba shi labari. Ya ce, "Wa ya yi masa wanka?"

Na ce, "Ai a daji ne, Malam."

Ya ce, "To wa ya ga gawarsa?"

Ran kasuwa na hau babur na je ƙauyen da mutumin nan ya sauka wajen danginsa. Na same shi a inuwa yana ɓarar gyaɗa. Na zauna kusa da shi, na bi shi a hankali.

Ya ce, "Malam, ni gudu nake yi. Idi yana bayana, na ji harbi a bayana. Ban waiwaya ba. Wa zai waiwaya?"

Na ce, "Ka ga ya faɗi?"

Ya ce, "Ban gani ba. Amma ai bai fito ba."

Ba ƙarya ya yi niyyar yi ba, bawan Allah. Abin da zuciyarsa ta yanke ya faɗa. Ni ne aikina tambaya, ban yi ba.

Da na dawo, Innarku ta ce, "Malam, ka ƙyale ta mana. Yarinyar nan yanzu ta fara zama mutum." Na so in bi shawararta. Amma in takaba ta ƙare aure ya halatta gare ta, a raba gado, alhali watakila mutumin yana can da ransa. Malam Bawa ya ce babu wata hanya sai a gaya mata.

Na same ta zaune a tabarma da carbi. Na durƙusa nesa kaɗan, na gaya mata duk yadda muka yi da mutumin, na ce laifina ne. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba.

Sannan ta ce, "Malam, ka ba ni mamaci na karɓa. Na yi masa kuka, na yafe masa, na gaya wa 'ya'yansa. Yau ka zo ka karɓe. To yanzu me zan riƙe?"

Na ce, "Allah ya bayyana shi, Zuwaira."

Ta ce, "Amin." Ta naɗe tabarmarta ta shiga ɗaki. Na tsaya ina jiran in ji kuka, ban ji ba. Da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi.

Daga baya na gaya mata shari'a ba ta bar mace irinta a rataye ba. In tana so, akwai alƙali, zai duba lamarinta, ni da kaina zan raka ta. Ta ce, "Ba yanzu ba, Malam." Har ranar da suka koma, ba yanzu ba. Tana can Gidan Marke, ita da Ɗanlami suna noma gonar Idi. Babu labarinsa har yau.

Ka riƙe wannan. In mutumin gari ya ce wane ya rasu, labari ya bayar. In liman ya faɗa, hukunci ne, a kansa za a yi takaba, a raba gona, a ɗaura aure. Duk wanda ya kawo maka magana, ko yana kuka, ko ya rantse, ka tambaye shi, "Da idonka ka gani?" Za a ce kana da taurin zuciya. Ka bari a faɗa.

Kuma za ka tarar da ita. Na san za ta zo gaishe ku da 'yar gyaɗa ko ƙwai a kwano, in ta tashi tafiya ta tsaya a bakin ƙofa ta yi maka tambayar da ta saba yi mini. Kada ka ce mata yana nan da rai, ba ka sani ba. Kada kuma ka ba ta haƙuri da muryar ta'aziyya. Ka ce ba a ji ba, ka yi addu'a, kuma kada ka gaji kamar yadda na gaji. Lokaci zuwa lokaci ka tuna mata ƙofar alƙali a buɗe take, amma kada ka tura ta. Bilkisu ta ja ta a jiki, mace ta fi sanin inda za ta taɓa.

Malam Bawa bai ga komawa ba. Ya rasu a zaurena da farkon damina, hanya ba ta buɗe ba tukuna. Ya so a kai shi kusa da iyayensa, bai yiwu ba, muka sa shi a maƙabartarmu kusa da kakanka. Ana gobe zai cika ya riƙe hannuna ya ce, "Liman, mutanena za su koma. Kada ka bar su ba mai shiga gaba." Na ce in sha Allahu, ina lissafa 'ya'yan wasu a zuciyata.

Shi ya sa da dattawansu suka zo suka ambaci sunanka, na ce su ba ni lokaci. Ka san yadda na yi ta jan su. Na kawo musu sunan wane, na kawo na wane, suka ce su wanda ya koya wa yaransu karatu suke so. Kai ba ka yi mini musu ba, ka ce duk abin da na yanke. Wannan shirun naka ya fi gardama nauyi.

Abin da ban gaya maka ba shi ne abin da na gani ranar da na ce zan je dubo wani aboki. Gidan Marke na je. Na isa da hantsi na tarar da mutane zaune a ƙofar masallaci, ga makara a inuwa an lulluɓe. Wata tsohuwa ce ta rasu tun asuba. An yi mata wanka, an haƙa kabari, suna jiran wani malami daga ƙauyen gaba, shi kuma ya aiko cewa ba zai bi hanyar rafi shi kaɗai ba. Akwai masu iya sallar a cikinsu, amma kowa na tura ɗan'uwansa, don tun tasowarsu Malam Bawa ke yi. Ɗan tsohuwar yana tsugune gefen makara yana kore ƙudaje da hularsa. Da suka gan ni, babu wanda ya yi mini sannu da zuwa. Miƙewa kawai suka yi suka ja sahu.

Da muka dawo daga maƙabarta na hau babur na taho gida, ban tsaya ko'ina ba sai ƙofarka. Abin da ya sa ka ji na ce maka "ka shirya" ke nan, ba tare da wani bayani ba.

Innarku ba za ta fito rakiya ba gobe. Kada ka ɗauka fushi ne. Tun shekaranjiya take ɗaura ƙulle-ƙulle, daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, kamar can ba a miya. Ku karɓa duka, kada Bilkisu ta ce ya yi yawa. Ka shiga ɗakinta ka durƙusa, ko ba ta ce komai ba ka ɗan jima. In kun sauka ka kira wayar Rabi, ita za ta kai mata.

Ni dai na yafe maka duniya da lahira, ban ma san abin da ka yi mini ba. Kai ma ka yafe mini jan ran da na yi maka. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka harshe mai taushi da ƙafa mai ƙarfi. Allah ya tsare Bilkisu da jaririya, ya tsare Gidan Marke da mutanensa, na gida da waɗanda ba a san inda suke ba. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina muna raye.

Saura abu ɗaya. Ranar da za ka fara shiga gaba, na san za ka so su ji karatunka. Ka ɗauki gajeriyar sura. Tsofaffi sun yi yawa a sahun, kuma gwiwoyinsu sun sha tafiya.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka.